Makullin da Auta Ta Kawo

Auta ta ajiye makullin a kan tebur ta ce a yanka mata guda irinsa, wai na ɗakin ajiya ne a gida. Titi take kallo da ta faɗi haka, ba fuskarsa ba. Mai Makulli ya ɗauka da yatsu biyu, ya kai shi kusa da tabarau, ya juya gaba ya juya baya, nan take ya gane shi.

Shekara talatin da 'yan kai bango ɗaya ne ya raba shagonsa da na mahaifinta, Mai Sikeli, gidajensu kuma a layi ɗaya suke. Babu kwaɗon da ke gidan nan wanda bai bi ta hannunsa ba. Na ɗakin ajiyar da take faɗa tsoho ne baƙi mai haƙori huɗu, bara ma shi ya buɗe cikinsa ya zuba masa mai. Wannan kuwa sabo ne fil, kansa roba shuɗiya, an buga masa lamba goma sha bakwai. Sau biyu ya taɓa ganin irinsa, a hannun mai faci da a hannun mai gyaran takalma, ranar da kowannensu ya zo yi masa sallama. Makullin shagunan sabuwar tasha ne.

"Ɗakin ajiya kika ce?"

"Haka Baba ya ce in faɗa maka."

Ya lura ba ta ce e ba. Irin wannan ba ya wuce shi, don shi mutum ne da in ka gaishe shi da fara'a sai ya wuni yana tunanin me kake nema a wurinsa. Matarsa kan ce sana'ar ce ta ɓata shi, wanda ya yi rayuwarsa cikin kwaɗuna dole ya riƙa ganin kowa ɓarawo.

Wata biyar ke nan da aka ɗauke tashar mota daga bakin titinsu aka kai ta bayan gari. Da motoci suka tafi sai mutane suka bi su, da mutane suka tafi sai shaguna suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Titin da a da sai ka yi da gaske kafin ka tsallaka, yanzu akuya kan kwanta a tsakiyarsa ta yi tuƙarta har ta gaji. Ranar da mai faci ya kwashe kayansa, su biyun suna zaune a kan bencin da ke tsakanin ƙofofinsu, Mai Makulli ya ce shi ko zai wuni bai ga mutum ɗaya ba, ba inda za shi, duk mai neman aikin ƙwarai ya san hanya. Mai Sikeli ya ce to, yana tare da shi. Iyakar alkawarin ke nan, amma Mai Makulli ya riƙe shi gam. Waɗanda suka tafi kuwa ya daina amsa gaisuwarsu, ko a hanya suka haɗu sai ya sha mur ya wuce.

Yanzu ga makulli a hannunsa. Ya tambayi Auta jikin tsohon, ta ce da sauƙi, ƙafafun ne dai har yanzu a kumbure, numfashin kuma yana yi masa gardama. Ya gyaɗa kai, amma a ransa haɗa abubuwa yake yi. Mako uku shagon maƙwabcinsa a rufe, an ce ciwo. Amma sau uku da idonsa ya ga tasi ta tsaya a ƙofar gidan da hantsi, an fito da mutumin an sa shi a ciki, ba kuma hanyar asibiti ta bi ba. Ranar Talata Auta ta buɗe shagon ta fita da kwali biyu, da ya leƙo sai ta yi sauri ta jawo ƙofa. Ashe ciwon ma rufa-rufa ce. Ana kwashe kaya a gaban idonsa, sannan don tsabar raini shi za a kawo wa makullin ya yanka.

Ya zaɓo ɗanyen makulli daga cikin waɗanda ke rataye a ƙusa, ya haɗa shi baya da baya da na Auta, ya matse su a ƙarfen matsi da ke gefen tebur. Bai taɓa sayen inji ba, da magagari yake aiki, yana gurzawa yana hurewa yana shafawa da babban yatsa. Haƙorin farko ya fita daidai, na biyu ma haka. Da ya zo na uku ya kai inda ya kamata ya tsaya, hannunsa ya san ya kai, sai ya ƙara gurza sau uku. Abin da ya ci bai fi kaurin gashi biyu ba. Ido ba zai gani ba, makullin zai shiga kwaɗo sumul, amma ko za a wuni ana murɗawa ba zai juya ba.

Ya goge shi da tsumma ya miƙa mata duka biyun. Ta yi godiya ta tafi. Tun da ya koyi sana'ar bai taɓa sakin makullin da ya san ba zai buɗe ba, kuma abin da ya ba shi haushi shi ne bai ji daɗin da ya zaci zai ji ba.

Ya zauna jiran su dawo. Har ya shirya abin da zai faɗa: zai karɓi makullin ya duba a tsanake, ya ce ai wannan lafiyarsa ƙalau, sai dai ko ba ƙofar ɗakin ajiya aka kai shi ba. Daga nan ya ga ta inda za su ɓullo. Ya maimaita maganar a ransa har ta yi santsi. Rana ta faɗi ba wanda ya zo. Washegari ma shiru. A rana ta uku Auta ta wuce ta gaban shagon da ledar magani, ta rusuna ta gaishe shi kamar kullum, ba ta ce uffan game da makulli ba. Wannan shirun ya fi komai cin ransa. Ya yanke cewa sun kai wa mai injin nan na sabuwar tasha ya yanka musu wani cikin minti biyu, suna can suna dariyar tsohon da hannunsa ya fara rawa.

A gida matarsa ta sa shi gaba. Ta ce ita kullum tana shiga gidan Mai Sikeli, mutumin nan ba ya iya kwanciya sai a jingine, abinci ma sai an yi ta lallashi, shi kuwa da ake kira amini ya kwana goma bai taka ƙofar ba. Ya ce mai ciwon da ke hawa tasi yana zaga gari ai ba ya buƙatar dubiya. Ta dube shi ta ce in yana da abin da ke cinsa ya je ya faɗa wa mai shi, ya daina zuba mata tsaki a cikin ɗaki kamar ita ta ɗauke tashar.

A rana ta biyar da la'asar ya je, ba don ya huce ba, sai don ya gani da idonsa.

Ɗakin yana warin man zafi. An jingine Mai Sikeli da matasai uku, an ɗora ƙafafunsa a kan kujera, sun kumbura har fatar tana sheƙi. Fuskar ta faɗa, wuyan rigar ya yi masa yawa. Mai Makulli ya ga wannan duka, amma idonsa bai daina bincike ba. Kantar da ake jera duwatsun awo na tagulla, daga babba har ƙaramin da bai fi ƙwayar wake ba, babu komai a kanta sai zoben ƙura inda kowanne ya zauna. A kan cinyar majinyacin kuma ga faranti, a ciki an buɗe cikin wani sikeli irin na yanzu, mai batir da gilashin lamba, ga 'yar sukuddireba da takarda mai zane-zane.

Suka gaisa. Mai Sikeli ya tambaye shi kasuwa, ya ce alhamdu lillahi, yau mutum biyu suka shigo, ɗaya ma hanyar sabuwar tasha yake tambaya. Mai Sikeli ya yi 'yar dariya da ta koma tari. Da ya lafa sai ya nuna farantin, ya ce wannan abin ba sifirin a cikinsa ba dutse, wani ɗan ƙarfe ne kawai da wayoyi huɗu, Auta ke karanta masa takardar yana bi a hankali. Ya ce wata biyu ke nan ba wanda ya kawo masa irin na da, masu nama da masu hatsi duk sun koma wannan, kuma shi bai ga laifinsu ba, ya gwada shi da duwatsunsa ya ga ba ya ƙarya.

"To ai sai ka bi shi can inda ake yayinsa," in ji Mai Makulli.

Auta da ke bakin ƙofa da kofin ruwa ta juya ta koma. Mai Sikeli ya daɗe yana dubansa, irin kallon da yake yi wa allurar sikeli yana jiran ta tsaya.

"Hannunka lafiya kuwa?"

"Lafiya lau."

"Haka na ce wa Auta."

Mai Makulli ya ji maganar kamar an watsa masa ruwan zafi. Wato ba'a ce ta rage. Ya miƙe yana gyara hula, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Mai Sikeli ya ce ya dawo jibi da safe, in numfashin ya daidaita akwai maganar da yake so su yi, akwai kuma inda yake so su je tare.

"Riƙe abarka. Na riga na san ta."

Ya fita bai waiwaya ba. A tsakar gida ya ji ana kiransa da sunan da ba mai kiransa da shi sai mutum ɗaya, muryar ba ƙarfi, ya yi kamar bai ji ba.

Jibin ta zo ya buɗe shago da wuri, ya zauna yana jera ɗanyun makullan da ba su buƙatar jeri. Wajen ƙarfe goma ya ga mata biyu sun shiga layinsu da sauri, sai wata ta bi bayansu. Yana cikin tunanin ko yau ne za a kwashe sauran kayan sai ga matarsa a ƙofar shago, ita da ta shekara ba ta tako wurin ba, takalmanta ma ba iri ɗaya ta sako ba. Da ganin fuskarta ya gane maƙwabcinsa ya rasu.

An ce bayan Mai Sikeli ya karya kumallo ya sa Auta ta ɗauko masa rigar fita da hula, ya ce a jingine shi ta inda zai riƙa ganin ƙofa. A haka rai ya yi halinsa, tana kicin tana ɗora ruwa.

Mai Makulli ya bi gawa, ya tsaya a sahun gaba, ya zauna karɓar gaisuwa tare da dangi, mutane suna ta yi masa ta'aziyya ta musamman don kowa ya san tsakaninsu. Mai faci da mai gyaran takalma sun zo, suka riƙe hannunsa suka daɗe. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, amma ko a nan zargin bai sake shi ba. Yana kallon bakinsu yana jiran wani ya suɓuce ya ce ai marigayin ya kusa zama maƙwabcinsu a can. Ba wanda ya ce.

Bayan kwana takwas Auta ta shigo shagon da hantsi. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ba ta zauna ba ko da ya tura mata kujera. Ta buɗe jaka ta fito da makullai biyu, mai kan roba shuɗiya da wanda ya yanka, ta ajiye su gefe da gefe a inda ta ajiye na farkon.

Ta ce ranar da ta karɓa ta wuce sabuwar tasha kai tsaye ta gwada, ya shiga ya ƙi juyawa. Ta koma gida ta ce za ta mayar a gyara. Mahaifinta ya karɓa ya haɗa su biyun, ya ɗaga saitin taga ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce haƙori na uku ne. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, daga baya kuma bai ƙara cin komai ba ranar.

"Ya ce kada in mayar maka. Ya ce kai ba ka kuskure a makulli, wannan amsa ce ka aiko masa."

Mai Makulli ya buɗe baki, ta ɗaga hannu, abin da ba ta taɓa yi masa ba tun tana rarrafe a tsakanin shagunan nan.

"Bari in gama, Baba, in ba haka ba kuka zai hana ni. Makullin da ka yanka naka ne. Kai za a ba."

Ta ce shagon na mutum biyu ne, sunan Mai Makulli na nan a takarda tare da na mahaifinta. Ofishin tashar sun ƙi yarda a haɗa sana'a biyu a shago ɗaya, shi ya sa tsohon ya yi ta hawa tasi da ƙafafun nan yana zuwa yana zama a bencinsu, sai a zuwa na uku suka sa hannu. Ya ce ba zai iya zama a titin nan yana kallon su biyun suna ƙarewa ba, ba kuma zai iya tafiya ya bar shi ba. Sau da yawa ya yi niyyar faɗa masa, sai ya tuna yadda Mai Makulli ya yi da mai faci, bakinsa ya yi nauyi. Shi ne ya ce a kai masa makullin. Ya san da ya gani zai gane na ina ne, ya zaci zai taso a fusace ya zo gida ya yi masa faɗa, in ya gama faɗan sai su yi magana.

"Faɗan yake jira, Baba. Kwana biyar yana cewa in bar ƙofa a buɗe."

Mai Makulli ya cire tabarau ya rasa inda zai ajiye. Kunya da nadama suka taru suka danne shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage. Duk abin da ya gani gaskiya ne, tasin, kwalayen, kantar da ba komai, bai yi kuskuren ko ɗaya ba, kuma duk bai fahimci komai ba. Ya ce da ita ta yafe masa.

"Shi ya yafe, ya faɗa mini da bakinsa. Ni ka ba ni lokaci."

Ta tura masa mai kan shuɗin, ta ɗauke ɗayan. Ya ce ta bar masa shi, ta ce a'a, wannan a ƙarƙashin matashinsa ta same shi, ita za ta riƙe. Ta rusuna kamar kullum ta fita.

Kwana biyu makullin yana aljihunsa. Ya buɗe shago ya rufe, ba wanda ya shigo sai mai tambayar hanya. Matarsa da ta ji labarin ba ta ce ai na faɗa maka ba, shi ma ya san ta yi ƙoƙari. A rana ta uku da safe ya kwance ƙarfen matsin daga jikin teburin da ya shekara talatin a kai, ƙusoshin sun yi tsatsa sai da ya sa mai. Ya zuba shi a buhu da magagarai da damin ɗanyun makullai, ya tsaya a bakin titi ya daɗe kafin abin hawa ya biyo.

Sabuwar tasha ta cika da hayaniya da hayaƙi, masu lodi suna ta kiran garuruwa. Ya bi layin shagunan yana karanta lamba. A na tara mai faci ya ɗago daga kan taya ya gaishe shi da ɗari-ɗari, ya tsaya ya amsa har da tambayar iyali. Mai facin ya bi buhun da kallo.

Kwaɗon na goma sha bakwai ya buɗe a murɗa ɗaya. Ya ɗaga ƙofar ƙarfen ta naɗe sama da ƙara. Shagon bai kai nasa girma ba, yana warin sabon siminti. Tebur biyu ne a ciki. A na hagu an jera duwatsun awo daga babba zuwa ƙarami, ga sikeli biyu masu batir a cikin kwalayensu. Na dama yana kusa da ƙofa inda haske ya fi, ba komai a kansa, sai huda huɗu a gefe. Ya fito da ƙarfen matsin ya ɗora, hudojin suka hau daidai, ko kaɗan ba su kauce ba. Yaushe mutumin ya auna, bai sani ba. Ya zauna a kan kujera ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta.

Yana ɗaure ƙusa ta ƙarshe wata mata ta tsaya a ƙofa, da jakar tafiya a kafaɗa. Ta ce an ce mata an samu mai yankan makulli a nan, ko yana yin irin wannan? Ta miƙo wani siriri mai faɗi, ba haƙori ko ɗaya, sai wata 'yar kwana-kwana da aka sassaƙa a tsakiyarsa. Ya san irinsa. Shekaru yana mayar wa masu shi yana cewa wannan ba makulli ba ne, su kai wa wanda ya ƙera shi. Maganar har ta zo masa baki.

"Ban taɓa yi ba," ya ce. "Kina sauri?"

Ta ce motarsu ba ta ko fara cika ba. Ya nuna mata kujerar da ke bayan teburin hagu, ta zauna ta ɗora jakar a cinya. Shi kuma ya jawo tasa zuwa bakin ƙofa, ya goge tabarau da gefen riga, ya karkata makullin saitin rana, ya sa farcen babban yatsa a farkon sassaƙar yana bi a hankali.